Abin da Ke Kwance Ƙarƙashin Fadamar Rima

Ranar Lahadi 11 ga Satumba 2016, mutanen Kwoi ta ƙasar Jaba, a kudancin Jihar Kaduna, suka ji wata ƙara kamar ta aradu, amma daga ƙasa ta fito, ba daga sama ba. Tagogi suka yi rawa, kwanuka suka kaɗa, bangon waɗansu gidaje ya tsage. Abin ya lafa, ya sāke dawowa, ya yi ta yi har washegari. Mutane da yawa suka kwana a waje don tsoro. Bayan shekara biyu, daga 5 zuwa 7 ga Satumba 2018, sai ga irin wannan a Mpape, wata unguwa a kan duwatsun Abuja. A Satumban 2024 kuma Mpape ta sāke jin ta sau da dama cikin kwana kaɗan.

Kusan kowane gida a Birnin Kebbi da Argungu yana da wani nasa a Abuja ko Kaduna, ko ɗa, ko ƙane, ko suruki. Saboda haka labarin bai daɗe ba ya iso mana, tare da tambayar da kowa yake yi: ashe ƙasarmu ma tana girgiza? In kuwa tana yi, yaya mu da muke zaune a kwarin Rima? Da yawa cikinmu mun tashi da jin cewa girgizar ƙasa abin Japan ne da Turkiyya. Bari mu duba maganar a natse, gama wanda ya san abin da yake takawa ba ya firgita da jita-jita, ba ya kuma yin sakaci.

Girgiza bi da bi

Girgizar ƙasa iri biyu ce wajen yadda take zuwa. Akwai wadda babba take fara bugawa, sa'an nan ƙanana su biyo bayanta, suna raguwa har su ƙare. Wannan ita ce wadda muka saba ji a rediyo. Akwai kuma wadda ba ta da uwa. Ƙanana ne kawai, kusan girmansu ɗaya, suna zuwa a wuri guda, yau biyar, gobe ashirin, jibi shiru, gata su dawo. Turawa suna kiranta da sunan da suke kiran taron zuma in ya tashi. Mu za mu ce da ita girgiza bi da bi. Abin da aka ji a Kwoi da Mpape ya fi kama da wannan.

Masana suna auna ƙarfin girgiza da lamba. Ta Kwoi ba ta wuce kimanin 3 ba. Amma kada lambar ta ruɗe mu, mu zaci 6 ninkin 3 ce. Kowane mataki ɗaya ya fi na ƙasa da shi ƙarfi wajen sau 32. Watau girgiza mai lamba 6 ta fi mai lamba 3 ƙarfi sau dubu talatin da wani abu. Mai lamba 3 takan tsorata mutum, ta zubar da ruwan kofi, ta tsaga yaɓen da dama ya yi rauni. Mai lamba 6 kuwa takan rushe gari.

Ƙwaryar da aka ɗinke

Domin mu gane dalilin wannan motsi, sai mu tuna da ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke ta. Uwargida takan ci gaba da aiki da ita shekara da shekaru. Amma ran da aka cika ta da kaya fiye da kima, a ina za ta fara ƙara? A wurin tsohon ɗinkin.

Ɓawon duniya haka yake. Ya rabu manyan ɓangarori, kowane yana tafiya a hankali ƙwarai. Ɓangaren da Afirka take kai yana matsawa arewa maso gabas wajen santimita biyu a shekara, kusan yadda farce yake tsiro. Ana auna wannan da na'urori masu karɓar saƙo daga tauraron ɗan adam. A cikin tashoshin irin wannan awo da Ofishin Babban Safiyon Tarayya ya kafa daga 2008, an sa ɗaya a Kwalejin Waziri Umaru da ke nan Birnin Kebbi.

Yawancin manyan girgiza suna faruwa ne a bakin ɓangarorin, inda suke gugar juna. Nijeriya tana tsakiyar nata ɓangaren, nesa da baki, shi ya sa muke zaune lafiya. Amma tsakiyar ma tana da tsofaffin ɗinki. Tsakiyar Tekun Atlantika tana buɗewa kullum, tana tura Afirka daga yamma. Wannan turin yana ratsa dutse har cikin ƙasa, ya taru a wuraren da suke da rauni. In ya yi yawa, sai tsohuwar tsaga ta zame kaɗan. Zamewar nan ita muke ji.

Mafi girma cikin tsofaffin ɗinkin nan su ne wuraren da ƙasa ta taɓa fara rabewa biyu sa'an nan ta fasa. In ƙasa ta fara rabewa, tsakiya takan nutse ta zama dogon kwari mai tsaga a kowane gefe. In rabewar ta ci gaba, teku ta shiga. In kuwa ta tsaya, sai koguna su yi ta zuba yashi da laka a ciki har ya cika, ya ɓace wa ido. Manomi ya yi shuka a kai bai san akwai rami mai zurfin kilomita da yawa a ƙarƙashin gonarsa ba. Wannan shi ne binnannen kwarin tsaga.

Masu karatun Littafi Mai Tsarki sun san wani kwari mai tsaga wanda ba a binne yake ba, watau kwarin Urdun da Tekun Gishiri. Ƙasar nan ta sha girgiza tun dā. Annabi Amos ma da wata girgiza ta zamanin sarki Azariya, wanda ake kira Uzziya, ya ƙidaya lokacin aikinsa. Habasha da Kenya da Malawi su ma suna kan wani babban kwari wanda har yanzu yana buɗewa. A Satumban 2005, a ƙasar Afar ta Habasha, bayan girgiza bi da bi ta makonni, ƙasa ta tsage tsawon wajen kilomita 60. Waɗannan rayayyu ne. Namu na Afirka ta Yamma sun daɗe da yin barci.

Darasi daga wani kwarin kogi

A tsakiyar Amurka akwai wani wuri mai kama da namu: shimfiɗaɗɗen kwari, babban kogi, ƙasa mai laka, babu tsauni, nesa da bakin kowane ɓangare. Kogin shi ne Misisipi, garin kuwa New Madrid. Ran 16 ga Disamba 1811, da 23 ga Janairu da 7 ga Fabrairu 1812, manyan girgiza uku suka buga wurin, kowace ta kai lamba 7 ko ta fi. Gaɓar kogi ta zube, yashi da ruwa suka yi ta tsartuwa daga ƙasa, kogin ya koma da baya na ɗan lokaci, wani wuri ya nutse ya zama tafki, wanda yake nan har yau, ana kiransa Reelfoot. Wani mutum mai suna Jared Brooks a garin Louisville ya yi ta rubuta kowace girgiza da ya lura da ita, cikin wata uku ya ƙirga 1,874.

Shekara fiye da 150 ba wanda ya san dalili. Sai a shekarun 1970, da aka auna nauyin ƙasa da maganaɗisunta, aka kuma kafa na'urorin sauraron girgiza, aka gano akwai tsohon kwarin tsaga kwance a ƙarƙashin lakar kogin, wanda bisa ga lissafin masana ya haura shekara miliyan 500. Har yanzu ƙananan girgiza suna fitowa daga cikinsa kowace shekara, yawancinsu na'ura ce kaɗai take jin su.

A kan iyakar Jamus da ƙasar Cek kuma akwai wani tsohon kwari da ake kira Eger. Nan ne gidan girgiza bi da bi. Takan zo dubbai cikin makonni, kamar yadda ta yi a 1985 da 2000 da 2008, amma mafi girmansu a zamaninmu ba ta kai lamba 5 ba. A nan ne masana suka fi fahimtar yadda abin yake. Iska da ruwa masu matsi suna tasowa daga can ƙasa su shiga tsagar. Kamar yadda man shanu yake sa tsohon ƙyaure ya motsa, haka ruwan yake sassauta tsagar, ta zame kaɗan a nan, gobe kaɗan a can, maimakon ta zame gaba ɗaya.

Da masana suka tattara labarin girgizar da ta taɓa faruwa a tsakiyar nahiyoyi, nesa da baki, sai suka ga kimanin rabinsu a kan irin waɗannan tsofaffin kwaruruka ne, ko a gefen nahiya inda ƙasa ta taɓa rabewa, mafi girmansu kuma a nan suka fi faruwa. Sauran sun faru a wuraren da babu kwarin. Saboda haka dangantakar gaskiya ce, amma ba doka ba ce. Ba kowane binnannen kwari yake girgiza ba, ba kuma kowace girgiza ce take da kwari a ƙarƙashinta ba.

Kwarurukan da ke kewaye da mu

Nijeriya tana da nata. Babbansu shi ne kwarin Binuwai, wanda ya taso daga bakin teku ya miƙe arewa maso gabas wajen kilomita 800 ko fiye. Ya buɗe ne sa'ad da Afirka da Amurka ta Kudu suke rabuwa, shekara miliyan 100 da ɗoriya da suka wuce. Tekun Atlantika ta ci gaba da buɗewa, shi kuwa ya tsaya, ya cika da yashi da laka mai kaurin kilomita 5 ko fiye a waɗansu wurare. Man fetur da aka samu a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, daga wani reshensa ne. A gabashin Jamhuriyar Nijar akwai 'yan'uwansa a ƙarƙashin rairayin hamada, su Termit, inda ake haƙo man Agadem da ake tacewa kusa da Damagaram tun 2011. Daga Lokoja zuwa wajen Kontagora akwai kwarin Bida, wanda ya nufo wajenmu daga kudu maso gabas. A arewa maso yamma kuma, a ƙasar Mali, akwai binnannen kwarin Gao.

Mu fa? Birnin Kebbi da Argungu suna zaune a gefen wata babbar kwatarniya da masana suke kira Iullemmeden, wadda ta haɗa Nijar da Mali da Binin da arewa maso yammacin Nijeriya. Sashenta na Nijeriya shi ake kira kwarin Sakkwato. Ba rami ne mai tsaga a gefe irin na Binuwai ba. Ƙasa ce ta lotsa a hankali kamar tsakiyar tsohuwar katifa, sa'an nan abubuwa suka yi ta taruwa a ciki hawa-hawa, kaurinsu yana ƙaruwa in an nufi iyakar Nijar har ya kai kilomita guda ko fiye.

Hawa-hawan nan suna ɗauke da sunayen garuruwan da muka sani: Gundumi da Illo a ƙasa, sa'an nan Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gwandu kuwa a sama. Akwai lokacin da teku ta ratso Sahara ta rufe wannan wuri duka. Farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi a Sakkwato a gindin tekun nan ya kwanta. An tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku a wajen Goronyo, a 1972 aka raɗa mata suna Goronyosaurus. Masuntan Argungu da suke shiga Matan Fada da gora da homa, a kan tsohon gindin teku suke su. Yashin hawan Gwandu kuwa shi yake riƙe da ruwan da rijiyoyin burtsatsenmu suke sha. A shekarun 1960, sa'ad da masu binciken ƙasa na Nijeriya da na Amurka suka yi ta haƙa a fadamar nan, akwai rijiyoyin da ruwa ya riƙa ɓulɓulowa da kansa ba tare da famfo ba.

A ƙarƙashin wannan duka akwai tsohon dutse mai tauri, wanda yake fitowa fili in an gangara kudu wajen Zuru da Yauri. A cikinsa ne ake da dogayen tsagu biyu da masana suka sani sarai. Ɗaya ta bi ta Anka ta ratsa Yauri ta gangara Iseyin a ƙasar Yarbawa. Ɗaya kuma ta bi ta Kalangai da Zungeru har Ifewara kusa da Ife. Shekarunsu sun kai wajen miliyan 600. Zinariyar da ake haƙa a Anka da Yauri a kusa da waɗannan tsagu take kwance, gama ta cikinsu ruwan zafi ya taso da ita tun dā. Masana da yawa suna danganta girgizar da aka ji a Ijebu-Ode da Ibadan a Yuli da Agusta 1984 da tsagar Ifewara, suna ganin tana da haɗi da manyan tsagun da suke gindin teku.

Kwoi da Mpape kuwa ba a cikin kwarin Binuwai suke ba. A kan tsohon dutse suke, arewa da shi, inda akwai ƙananan tsagu da yawa. A Mpape ma an yi gardama. Waɗansu suka ce nauyin da ya taru ne a tsaga. Waɗansu suka ɗora laifin a kan masu fasa dutse da nakiya da yawan haƙa rijiyar burtsatse. A 2018 hukumar Abuja ta dakatar da fasa dutse da haƙa rijiya a wurin na wani lokaci. Magana biyun ba lalle su yi karo ba, gama tsagar da ta riga ta cika da nauyi, ɗan abu kaɗan yakan isa ya motsa ta.

To, ga amsar tambayarmu. Kwarin Rima yana cikin wuraren da suka fi kwanciyar hankali a Afirka. Ba mu kan rayayyen kwari, ba mu kusa da bakin ɓangare. Amma muna da tsofaffin ɗinki a kudu da mu da yamma da mu, mafi kusa yana cikin jiharmu.

Don me za mu damu?

Domin abu uku. Na fari, wurin da ya yi shiru ba wurin da ya mutu ba ne. Ran 22 ga Yuni 1939 girgiza ta buga Ankara ta ƙasar Gana, ta kashe mutum kusan ashirin, an ji ta har Ikko. Ran 22 ga Disamba 1983 wata mai lamba 6 da ɗoriya ta buga wajen Gawal a arewa maso yammacin Gini, inda ba wanda yake tsammani, ta kashe ɗaruruwan mutane, dubbai suka rasa gidajensu. Ran 8 ga Satumba 2023 ta buga duwatsun Atlas na Maroko, waɗanda su ma tsohon kwarin tsaga ne da ya matse ya zama tsauni, mutum kusan 3,000 suka mutu, yawancinsu a ƙauyuka masu ginin ƙasa.

Na biyu, ƙasa mai laushi takan ƙara wa girgiza ƙarfi. Ka buga gefen tire mai ɗauke da dutse da kunu, ka ga wanne zai fi rawa. Fadama kunu ce. Girgizar da mai gida a kan marmara zai ji kaɗan, wanda ya yi gini a kan cikon fadama zai ji ta sosai. Garuruwanmu kuwa suna faɗaɗa, ana ta gini a wuraren da kakanninmu suka bar wa shinkafa.

Na uku, girgiza ba ta cika kashe mutum a fili ba. Gini ne yake kashewa. Gini marar ƙarfi kuwa ba ya jiran girgiza, damina ma ta ishe shi. Kowace shekara muna jin bango ya faɗa wa yara cikin dare bayan ruwan sama. Abin da zai tsare gida daga girgizar da watakila ba za mu gani ba a zamaninmu, shi ne zai tsare shi daga ruwan Agusta da za mu gani bana.

Ba kowace tsaga ce girgiza ba

Kada mai gida ya ga bangonsa ya tsage ya ce ƙasa ta motsa. Baƙar lakar fadama takan kumbura da damina, ta ƙanƙance da rani har ta dare. Gidan da aka kafa a kanta da gajeren tushe dole ya tsage. Haka kuma ƙarar nakiyar masu fasa dutse, da ruftawar ramin masu haƙar zinariya, da wucewar babbar mota, duk sukan sa ƙasa rawa a kusa. Alamar girgiza ta gaskiya ita ce mutane a unguwanni dabam dabam, ko garuruwa dabam dabam, su ji ta a lokaci guda.

In an ji irin wannan, a rubuta rana da sa'a, da abin da aka ji, da abin da ya motsa ko ya faɗi, a kai wa mai unguwa da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha. Akwai masu wannan aiki: Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya, da Cibiyar Awon Ƙasa da Motsinta da ke Toro a Jihar Bauchi, wadda take lura da na'urorin sauraron girgiza. Na'urorin ba su da yawa, ƙasar kuwa da fāɗi. Rubutun malamin makaranta ɗaya mai lura yana da amfani gare su, kamar yadda na Jared Brooks yake da amfani har yau bayan shekara 200.

Maganar masu duba

Ba wani masani a duniya, ba wata na'ura, da za ta iya faɗin rana da sa'ar da girgiza za ta zo. Yawancin girgiza bi da bi sukan ƙare ba tare da wata babba ta biyo ba. Kaɗan ne ake samun babba a bayansu, ba kuwa a iya rarrabe su tun da wuri. Duk wanda ya aiko da saƙo a waya cewa ƙasa za ta girgiza daren Talata da ƙarfe uku, ƙarya yake yi, ko da sunan wace hukuma ya faɗa.

Mutanen Gana sun ga wannan. A Janairun 2010, kwana kaɗan bayan babbar girgizar Haiti, wani saƙon waya ya bazu cikin dare cewa girgiza tana zuwa. Jama'a a garuruwa da yawa suka fita suka kwana a fili da yara da tsofaffi. Gari ya waye ba abin da ya faru. Kada mu zama masu ƙara wa irin wannan wuta itace. In saƙo ya iso mana, ya tsaya a wurinmu. Yara suna duban fuskar iyayensu kafin su san ko za su ji tsoro.

Abin da kowane gida zai iya yi

Mai shirin gini ya duba ƙasar tukuna. Tudu ya fi fadama. In ba makawa sai a ƙasa mai laka, tushe ya yi zurfi har ya sami ƙasa mai tauri.

Kada a ja buhun siminti ya yi bulo fiye da ƙarfinsa. Bulon da yake marmashewa in an murza shi da yatsa ba bulo ba ne. A shayar da shi ruwa kwanaki kafin a ɗora.

A ɗaure ginin da linta mai rodi wadda ta zagaye gidan duka, ba a bisa ƙofa da taga kaɗai ba, a kuma sa ginshiƙi a kowace kusurwa. Wannan ɗamara ita take hana bango huɗu su rabu kowa ya kama gabansa. Mai son ɗora bene ya nemi injiniya, kada ya dogara ga idon magini kaɗai.

Masu ginin ƙasa kada su raina nasu. Bango mai kauri, gajere, mai ƙananan tagogi, wanda ake yi wa yaɓe kowace shekara, yana da ƙarfinsa. Haɗarin yana wurin rufi. Soron da aka yi ta ƙara masa ƙasa shekara da shekaru a kan azarar da gara ta ci, nauyi ne a bisa kan masu barci. A duba azara kafin damina, a gyara indararo, kada ruwa ya kwanta a gindin bango.

Tankin ruwa da ke kan dogon ƙarfe a kafa shi sosai, nesa da ɗakin kwana. Kada a jera kaya masu nauyi a bisa kabad kusa da gadon yara.

Dattawan ikilisiya da shugabannin makaranta su tuna ɗakunansu suna ɗaukar mutum ɗari ko fiye a lokaci guda. Ƙofofi su zama fiye da ɗaya, su riƙa buɗewa waje, kada a kulle su sa'ad da mutane suke ciki. Sau da yawa turereniya a bakin ƙofa takan yi ɓarna fiye da abin da ake gudu.

In kuwa ƙasa ta motsa muna cikin ɗaki, a durƙusa, a shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi, a rufe kai da wuya, a riƙe ƙafar teburin har ta tsaya. Wanda yake bene kada ya ruga matakala. Wanda yake ɗakin ƙasa mai nauyin rufi, ƙofa kuwa tana kusa, ya fita tsakar gida, ya tsaya nesa da bango da wayar lantarki. Bayan ta tsaya a kashe murhu da gas, a ƙirga yara, a leƙa tsofaffi da maƙwabta. Kada a koma ɗakin da ya tsage sai an duba shi. A koya wa yara wannan da rana tsaka, cikin wasa, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Ganuwar Surame da Kanta ya gina ta yi shekara wajen 500, har yanzu akwai sauranta a tsaye, domin maginanta sun yi aikinsu da gaskiya. Ƙasar da muke kai ta riƙe su, ta riƙe iyayenmu, muna kuma gode wa Allah da ya zaunar da mu a wuri mai natsuwa. Abin da ya rage namu ne. Kafin damina ta sauka, mai gida ya ɗauki fitila ya hau ya duba azarar ɗakin da 'ya'yansa suke kwana.